Shekarar da Aka Ce Na Taɓu a Challawa

Na san akwai maganar da kuka taso kuna ji a gefe-gefe, wadda ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku ita gaba da gaba: wai mahaifinku ya taɓa samun taɓin hankali lokacin da yake aiki a masaƙa. Wasunku a bakin dangin mahaifiyarku suka ji, wasu a bakin tsofaffin unguwa da har yanzu in na wuce sukan ce ga Habu Rediyo nan. Ban taɓa yi muku bayani ba, domin a da ina ganin ba maganar uba da 'ya'ya ba ce. Yanzu da ƙarfi ya ja baya, kuma mahaifiyarku Hajara, wadda ita kaɗai ta san farkon abin da ƙarshensa, ta riga mu gidan gaskiya, na ga in ban faɗa ba, to abin da mutane suka ce shi zai rage muku.

Ban san mahaifina ba, ina goye ya rasu. Ƙanensa, Baffa Iro, shi ya riƙe ni a ƙauyenmu can ƙasar Gumel. Kada wani ya ce Baffa mugu ne. Bai taɓa ci ya hana ni ba, bai kuma cika duka ba. Bakinsa ne dai. In na ɗebo ruwa na zubar da ɗan kaɗan, in akuya ta kwance ta shiga gonar wani, in ƙotar fartanya ta karye a hannuna, abu ɗaya yake faɗa cikin wata disasshiyar murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ko kalle ni ba: ka gani ko, sakarai mai hannun tsiya, duk abin da ka taɓa sai ya lalace. Haka na ji ta safe da yamma har na yi gemu. Da babban farin nan na shekarun saba'in ya matsa, na bi sahun samarin garinmu na shigo Kano, na kuma ɗauka na baro maganar can tare da fartanyar.

Na yi dako a Bompai, na yi leburanci a Sharada, kafin Allah ya sa aka ɗauke ni a wata masaƙa a Challawa. A lokacin muna zaune a gidan haya a Panshekara. Babban yayanku yana wajen kakarsa, ke Binta kina 'yar shekara biyar ko kusa da haka, sauranku ba a haife ku ba. Wanda bai taɓa shiga zauren saƙa ba, ba zai gane irin ƙarar da ke ciki ba. Injuna ne jere, ƙoshiya tana kai da komo a kowanne kamar harbi, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafarka. Auduga muke cusawa a kunne, in mutum zai yi maka magana sai dai ya taɓa kafaɗarka ya yi da hannu. Aikina in zagaya injunan da aka ba ni, ido a kan zare. Wanda ya tsinke in ɗaura, in yadi ya fara fitar da aibu in tsayar in gyara. Ba a raina iya aikina ba. Amma kullum aka tashi sai in ji kamar dutse na wuni ina ɗauka, wuyana a sage, kaina yana sara, raina a ɓace ba tare da wani ya ɓata mini ba. In foman ɗinmu Malam Garba ya gitta ta bayana, ƙullin da nake yi ido rufe sai ya gagare ni. Na ɗauka ƙarar inji ce take yi mini haka.

Ranar da abin ya faru, dab da azahar ne. Zare ya tsinke mini a inji ɗaya, kafin in gama da shi wani ya tsinke a na kusa, yadi ya tafi da layi a jikinsa. Ina sunkuye ina fama sai wuta ta ɗauke. A ka'ida janareta kan karɓa nan take, amma ran nan ya ƙi tashi. Injuna suka yi ta sassautawa har suka mutu, zauren ya yi wani irin tsit da ban taɓa ji a cikinsa ba. A cikin tsit ɗin nan sai ga murya ɗaya tana ta zuba da ƙarfi, kamar mai magana da kurma:

"Ka gani ko? Ka sake ɓatawa. Sakarai, mai hannun tsiya. Habu, wa zai ci amfaninka a duniya?"

Na ɗago a firgice ina waige-waige. Wallahi abin da ya fara zo mini shi ne Baffa ya zo Kano, an shigo da shi har cikin ma'aikata, don muryarsa ce sak. Na duba bakin ƙofa, babu shi. Na duba mutane, sai na ga duk ni suke kallo, wasu baki buɗe, wani ya kai hannu kunne zai cire auduga ya ƙame a haka. A nan na ji laɓɓana suna motsi. Na kai hannu na dafe bakina.

Bitrus ne ya fara matsowa. Mutumin Zonkwa ne, ya ɗan girme ni, layinsa yana fuskantar nawa, mun kuma saba cin abinci tare wajen wata mai tuwo a bakin get. Ya ja ni waje gindin darbejiya, ya tambaye ni da wa nake faɗa. Na ce ba kowa. Na ce ban san na yi magana ba, yau ne farko. Ya dube ni ya ce:

"Malam Habu, ba yau ne farko ba. Tun ranar da aka kawo ka layin nan bakinka bai taɓa tsayawa ba. Ni na ɗauka wuridi kake yi."

Na zauna a ƙasa. Shekaru ke nan ina tsaye gaban inji ina zagin kaina da ƙarfi daga safe har tashi, ƙara tana rufa mini asiri, ni kaina ban sani ba.

Magana ta riga ni isa Panshekara, don rabin unguwar a Challawa suke aiki. Aka ce an ji wani tsoho yana magana ta bakina. Wasu suka ce iska ce ta bakin kogi, wasu suka ce jifa aka yi mini saboda ana raɗe-raɗin za a ba ni mataimakin foman. Malam Garba bai wulaƙanta ni ba. Ya kira ni gefe ya ce in je in huta in nemi magani, manaja ba zai yarda a bar mai irin wannan lalura kusa da inji ba. In na dawo lafiya, bakina a rufe, wurina yana nan.

Na shiga gida na tarar Hajara tana tankaɗe. Ina neman ta inda zan fara sai ta ce ta riga ta ji. Abin da ya ɗaure mini kai, ko alamar tsoro babu a fuskarta. Na ce ko dai ba ta fahimci abin da aka gaya mata ba ne? Ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannu.

"Malam, ni ai tun satin da na tare nake ji. In kana gyaran keke, in kana neman hularka, ko buta ta kife maka. Da farko na ɗauka da ni kake, na yi kuka har na gaji. Sai wata rana na ji ka ambaci sunanka."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta yaya mace za ta dubi mijinta ta ce na ji kana zagin kanka? Addu'a ta yi ta yi mini, in kuma ta ga bakin ya fara sai ta ja ki, Binta, ku shiga ɗaki. Ban iya sa komai a bakina ba ran nan. Kawunku Sabo, yayanta, wanda yake tuƙin babbar mota a Dakata, ya zo washegari da wani malami. Aka yi mini rubutu na sha, aka ba ni hayaƙi na yi, don ni ma ban san mene ne ba. Malamin mutumin kirki ne. Bayan ya zauna da ni ya yi mini tambayoyi, ya gaya wa Sabo shi bai ga alamar iska a jikina ba. Sabo bai gamsu ba, ya ce zai zuba ido ya gani.

A cikin kwanakin zaman gidan nan, wata hantsi ina kan tabarma a tsakar gida, ke kuma kina gefe kina wasan girki da 'yan tukwanenki na yumɓu. Kika ɗora ɗaya kan duwatsu, ta kife ta fashe. Na zaci kuka za ki yi. Ba ki yi ba. Kika sunkuyar da kai, kika mayar da muryarki ƙasa-ƙasa, kina tattara fasassun kina cewa:

"Kin gani ko? Kin sake ɓatawa. Binta sakarai, mai hannun tsiya."

Sakarai kika ce, ba sakarya ba, daidai yadda kika ji shi. Allah ne shaidata ban taɓa faɗa miki wannan kalma ba, ba ki kuma taɓa ganin Baffa Iro da idonki ba. Abin da na ji a zauren saƙa bai kai rabin wannan ba. Hajara tana bakin murhu, muka haɗa ido, ta kau da kai. Na gane ba ran nan ta fara ji ba.

A ranar na ƙudura zan kulle bakina. Na koma aiki na ce wa Malam Garba na warke. Asuwaki nake sawa a baki ina cije shi don kada laɓɓa su motsa. Kowa ya ga bakina ya tsaya, aka ce rubutu ya yi aiki. Ni kuwa na san abin da ke ciki. Da na toshe mata ƙofa sai muryar ta koma ciki ta ƙara ƙarfi, yanzu kuma ina jinta sarai, ta kuma sami sabon abin faɗa: kowa kai yake kallo, za ka ɓata, ka lalata kanka ka lalata 'yarka. Idona yana kan zare, hankalina yana wajenta. Wata safiya Malam Garba ya zo wucewa da manaja, suka ɗan tsaya a bayana, ƙila ma ba ni suke kallo ba. Zare ya harɗe. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ka tsayar da inji kafin ka sa hannu. Ni da na koya wa wasu haka, na zura hannuna inji yana gudu, don muryar tana cewa yi sauri kafin su gani. Ban ji zafi nan take ba. Ja na gani yana bin farin yadi, na tsaya ina mamakin daga ina rini ya zo. Yatsu biyun nan na hannun hagu da kuka sani a guntule, ranar na bar kawunansu a Challawa. Na sha gaya muku inji ne, kuma inji ne. Amma ba inji ne ya tura hannun ba.

Ranar Lahadi Bitrus ya biyo asibiti daga coci, ya zauna bakin gado yana ɓare lemo. Na ce masa ni kam tawa ta ƙare. In na buɗe baki mahaukaci, in na rufe ga abin da ya biyo baya. Ya yi 'yar dariya ya ce ina ganin ni kaɗai ke magana a zauren nan? Ya ce da kullum injuna za su riƙa mutuwa ba zato, da an ji abin mamaki: wani waƙa yake, wani yana mayar wa surukinsa amsar da ya kasa bayarwa jiya. Shi ma yana yi. Na tambaye shi me yake cewa.

"Aikin kawai nake gaya wa kaina. Bitrus, tsayar da inji. Nemo bakin zaren. Sannu, ba wanda ya biyo ka. In na ɓata in ce to, an ɓata, sai gyara. Bakin nan ba zai yi shiru ba, Malam Habu. Tun da sai ya yi magana, ba shi aikin yi."

Ya miƙo mini lemo, ya ce maganar da aka ji a bakina ran nan, da wani ne ya faɗa wa ɗansa ita a gabansa, da sai an raba su. Ni ma ai ɗan wani ne.

Da hannu ya warke, da kyar aka mayar da ni, Malam Garba ne ya tsaya mini. Ya sake jaddada sharaɗinsa na baki a rufe. Na ce masa, Malam, ku gafarce ni, ba zan iya ba. Na gwada, kun ga sakamakon. Zan yi magana, ku sa kunne ku ji abin da nake faɗa, in kun ji na hauka ku sallame ni. Ya ce in na zaɓi haka to in manta da maganar mataimakin foman, don ba za a ɗora mai surutu shi kaɗai a kan mutane ba. Na ce na ji.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Da farko sabuwar maganar kamar rigar aro take, tsohuwar kuma tana rigan ta fitowa. Zare ya tsinke, kafin in ankara "ka gani ko" ta fito. Sai in tsaya in ce a'a, zare ne, aikinsa ke nan tsinkewa. Habu, tsayar da inji. Bismillah. Nemo baki, ɗaura. A zuci kaɗai ba ta yi mini, tsohuwar ta fi ta ƙarfi a can, dole sai kunnena ya ji. Haka nake yi a kan keke, haka a gida. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jikina. Wata rana aka buga jiniyar tashi, na fito na ji wuyana a sake, kaina ba ya sara, har na tsaya na sayi rake na kawo gida. Hajara ta karɓa tana kallona kamar baƙo. Ƙarar inji tana nan yadda take. Ashe ba ita ke gajiyar da ni ba.

Sunan Rediyo a nan ya samo asali, yara har bina suke da shi a unguwa. Waɗanda na koya wa ɗaurin zare suka zama shugabannina, ni ina nan a layi har aka rufe masaƙar. Da kawunku Sabo ya ji na koma magana a fili, wannan karon ma da gangan, sai ya zo da mota ya tsayar a ƙofar gida, ya ce Hajara ta haɗa kayanta. Ni dai ban ga da wane baki zan hana ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta kawo masa ruwa, sannan ta ce:

"Yaya, ku yi haƙuri. Lokacin da yake zagin kansa na zauna da shi, ba wanda ya zo ɗaukata. Yanzu da ya fara lallashin kansa, ba inda za ni."

Sabo ya tashi bai sha ruwan ba. Ya yi shekaru bai taka gidanmu ba, kuma daga wajensa yawancin abin da kuka ji ya fito. Ban riƙe shi a rai ba, ƙanwarsa yake karewa. Allah ya ji ƙansa.

Naki ne ya fi ba ni wuya, Binta. Nawa na san inda zan kama shi, naki ban sani ba. Ba na iya ce miki daina, kada ki ɗauka wani laifin kika sake yi. Abin da na iya kawai, in na ɓata abu a gabanki sai in faɗi sabuwar maganar yadda za ki ji, har da gangan nakan kifar da buta. A hankali na daina jin kalmomin a bakinki. Amma na fi kowa sanin cewa baki kan yi shiru ciki yana ta zuba. Kika taso yarinya mai shiru-shiru, mai tsantseni, wadda ba ta son a ga kuskurenta. Kowa yana yabon natsuwarki, ni kuwa in an yaba sai gabana ya faɗi. Na aurar da ke, kin haifi naki, yau har da jika, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarki ba. Bara da kika zo jinyata, kofin shayi ya suɓuce miki ya tarwatse a bakin ƙofata. Kika tsaya cak kina kallonsa na ɗan lokaci kafin ki sunkuya ki kwashe. Tsayuwar nan ta hana ni sukuni har yau.

To ga shi na tambaya, a gaban 'yan'uwanki: in abu ya fashe a hannunki, me kike ce wa kanki? Ki zo ki gaya mini tun ina da kunnen ji. In ita ce har yanzu, ki sani ba taki ba ce, ba kuma gaskiya ba ce. A bakina kika tsince ta, ni ma tsintarta na yi.